Nasiha Ga Mai Son Adabi: Kada Ka Yi Nisa da Zaure

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, da ke 'yata, ina magana da duk wanda Allah Ya sa wa son adabi a zuciya: mai karanta rubutacciyar waƙa, da mai bin littattafan hira, da mai nazarin Hausa a sakandare ko jami'a, da wanda ke fatan wata rana shi ma ya ɗauki alƙalami. Nasihata gare ka guda ɗaya ce. In kana son ka fahimci adabi fahimta ta gaskiya, to ka nemi sanin littattafan da marubutan suka tashi a kansu. Mu a ƙasar Hausa waɗannan littattafai su ne Alƙur'ani mai girma, da tarihin Manzon Allah, da ƙissoshin Annabawa, da tsofaffin littattafan luga da ake biyawa a zaurukan malamai. Wanda ya san su, in ya buɗe waƙar magabata zai ji abin da mawaƙin ya faɗa har da wanda ya bari a ciki. Wanda bai san su ba kuwa, yana iya haddace baitocin ya ci jarrabawa, alhali rabin zancen ya wuce shi bai sani ba.

Fara da tambayar kanka, su wane ne suka kafa rubutaccen adabin nan namu? Malamai ne. Tun kafin Jihadi, a Katsina ta ƙarni na 17, akwai Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, kuma Ɗan Masani har sharhi ya yi wa Ishiriniya, ka ga ke nan tun yaushe littafin ya zauna a hannun mutanenmu. Sai zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu, da 'ya'yan Shehu, Muhammadu Bello da Nana Asma'u da Isa. Malam Abdullahi ya bar mana ɗan littafi mai suna Ida'un Nusuhi, inda ya lissafa malamansa da abin da ya karanta a wurin kowannensu. A ciki ya ambaci cewa a hannun wansa Shehu ya karanta Ishiriniya da Witiriya da waƙoƙin mawaƙan Jahiliyya shida. Ka tsaya ka yi tunani a kan wannan. Malamin da ya rubuta tafsirin Liya'ut Tawili, tun yana yaro kunnensa ya saba da Imru'ul Ƙaisi da Zuhairu da Antara. Shi ya sa in ka duba waƙoƙinsa na Larabci da ya tara a Tazyinul Waraƙati, za ka tarar da tsayuwa a kufai da tuna waɗanda suka tashi, irin yadda mawaƙan Larabawa na dā suke buɗe ƙasidunsu, sai dai shi kufan malamansa da abokan karatunsa yake yi wa kuka.

Wannan tsarin karatu har yau yana nan. Yaro ya sauke Alƙur'ani a allo, sai ya shiga littattafai: Ƙawa'idi da Ahalari da Ishimawi da Iziyya da Risala, har zuwa Askari da Muhtasar a fiƙihu, Ajurumiya da Alfiya a nahawu, Ishiriniya da Burda da Daliya da Shu'ara da Muƙama a luga, in azumi ya kama kuma a zauna wa Jalalaini da Ashafa. Duk wanda ya bi ta nan, ranar da ya tashi rubuta waƙa da Hausa, da abin da ke cikinsa zai rubuta. Kuma ya san waɗanda yake rubuta wa sun ji waɗannan abubuwa, ko a zaure, ko a wurin tafsiri, ko a bakin kakanninsu. Don haka ba ya tsayawa dogon bayani. Ishara yake yi ya wuce, ya bar wa mai sauraro ya cike sauran.

Ɗauki waƙoƙin wa'azi, waɗanda su ne suka fi yawa a tsohon adabinmu. Mawaƙi zai jero maka sunaye: Fir'auna, Hamana, Ƙaruna, Lamarudu, Adawa, Samudawa, ya tambaye ka ina suke yau. Kowane suna a nan kamar ƙullin goro ne da aka miƙo maka a ɗaure, kai ake jira ka kwance. In ka san Suratul Ƙasasi, da jin an ce Ƙaruna za ka tuna mutumin nan daga jama'ar Annabi Musa wanda mabuɗan taskokinsa kaɗai suke yi wa ƙarfafan maza nauyi, wanda aka yi masa nasiha ya ce da saninsa ya tara, ya fito wa mutane cikin ado har masu son duniya suka yi burin irin nasa, sannan ƙasa ta haɗiye shi da gidansa, waɗanda suka yi burin jiya suka wayi gari suna godiya da ba su ba ne. Duk wannan yana cikin kalma ɗaya. Mawaƙin da ya kira wani attajirin zamaninsa Ƙaruna ya zarge shi da girman kai da hana haƙƙi, ya kuma gaya masa yadda zai ƙare, bai ƙara ko ɗango ɗaya ba. Ɗalibin da ya rubuta a takardar jarrabawa cewa Ƙaruna wani mai kuɗi ne na zamanin dā bai yi ƙarya ba, amma wa'azin bai same shi ba.

Haka nan in mawaƙi ya shiga zancen kwanciyar kabari da tambayar mala'iku, da tsayuwar Alƙiyama, da awon ayyuka, da ƙetare Siraɗi, da tafkin Alkausara. Bai ƙago wannan jeri ba, daga Alƙur'ani da hadisai da littattafan tauhidi ya ɗauko shi, kuma kusan duk mawaƙan wa'azi shi suke bi. Sai ka san jerin sannan za ka iya bambance gwani da ɗan koyo. Kowa zai ambaci Siraɗi, amma wane ne ya sa ka ji ƙafarka na rawa? Kowa zai siffanta duniya da mayaudariya, amma wane ne ya zo da siffar da ba ka taɓa ji ba? Fasahar mawaƙi tana bayyana ne a abin da ya yi da gadon da kowa ya gada, kuma wanda bai san gadon ba ba shi da ma'aunin auna fasahar.

Tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ma mabuɗi ne babba, musamman ga waƙoƙin mutanen Jihadi. Su waɗannan bayin Allah da idon Sira suke kallon abin da ke faruwa da su. Da Shehu ya tashi daga Ɗagel zuwa Gudu a farkon 1804, hijira suka kira tafiyar. A Gudu aka yi masa mubaya'a. Da aka gwabza a Tabkin Kwatto a cikin wannan shekara, jama'a kaɗan suka rinjayi rundunar Gobir mai yawa, Badar suka tuna. Wahalar da suka sha a Tsuntsuwa da Alwasa ta tuna musu cewa bayan Badar akwai Uhudu. In ka karanta Waƙar Gewaye ta Nana Asma'u ba ka san Sira ba, jerin garuruwa da yaƙe-yaƙe kawai za ka gani. In ka san ta, za ka gane cewa Nana tana gina hujja ne: tana nuna wa masu sauraronta cewa sawun da mahaifinta ya taka, sawun Ma'aiki ne, don haka su yi haƙuri su tsaya a kan hanya. Ita Nana, wadda aka haifa a 1793, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma jajojinta, wato wakilanta mata, suna ɗaukar waƙoƙinta su kai wa 'yan taru, wato ɗalibanta mata, a ƙauyuka. Tana da waƙar da ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 a ciki don mata su haddace. Tana da wata ta tawassuli da mata salihai, tun daga iyalan Annabi har zuwa matan zamaninta, wadda asalin labaran matan farkon cikinta yake komawa ga Sifatus Safwa na Ibnul Jauzi. Yaya za ka yi nazarin irin wannan marubuciya ka ce babu ruwanka da abin da ta karanta?

Mu zo ga madahu, wato begen Annabi. Littattafai biyu ne suka fi renon kunnen Bahaushe a nan. Na farko Ishiriniya ta Alfazazi, mutumin Andalus da ya rasu a 1230. Ya bi haruffan Larabci ɗaya bayan ɗaya, kowane harafi ya yi masa baiti 20 da ke ƙarewa da shi, daga baya Ibnu Muhibbi ya yi mata tahamisi, kuma da tahamisin ne muka fi saninta a daren Mauludi. Na biyu Burda ta Busiri, mutumin Masar na ƙarni na 13. Wanda ya san Burda ya san cewa waƙar yabon Annabi tana da hanyar da take bi: a fara da bege da hawaye da ambaton wuraren Hijaz, a zargi zuciya mai umarni da mummuna, a shiga yabo, a zo haihuwa da alamomin da suka bayyana a darenta, a zo mu'ujizoji da Isra'i da Mi'iraji da yaƙe-yaƙe, a rufe da neman ceto. To buɗe Imfiraji na Malam Aliyu Namangi, makahon malamin nan na Zariya da aka haifa a 1894 ya rasu a 1990, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa. Za ka ji wannan begen Madina, da wannan zargin kai, da wannan neman ceto, amma cikin Hausar da yaro da tsohuwa suke ganewa, har almajirai da makafi suka ɗauke ta suka bi da ita ƙofa ƙofa. Girman Namangi yana nan ne: abin da sai mai luga yake ɗanɗana a Larabci, shi ya sauko da shi har tsakar gida bai zubar da ƙimarsa ba. Ba za ka ga wannan girma ba sai ka san daga inda ya sauko da shi.

Har zubin waƙar ma daga can yake. Tahamisi, wato mawaƙi ya ɗauki baiti mai ɗango biyu na wani ya ɗora masa ɗango uku a sama ya zama ƙwar biyar, sana'a ce da malamanmu suka koya a irin aikin Ibnu Muhibbi. Waƙar Tabbat Haƙiƙa misali ce mai kyau: Shehu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Hannu uku ne a waƙa ɗaya, kuma mai nazarin da bai san tahamisi ba zai ɗora wa mutum ɗaya maganar mutum uku. Karin waƙa ma haka. Halilu ɗan Ahmadu na Basra, a ƙarni na 8, shi ya tsara ilmin aruli ya fitar da bahari 15, ɗalibinsa Ahfashu ya ƙara ɗaya suka zama 16. Da yake Hausa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi kamar yadda Larabci yake da su, sai karuruwa irin su Kamil da Wafir da Mutaƙarab da Basiɗ da Ramal suka zauna daram a bakin mawaƙanmu. Da yawansu ma ba lissafin ƙafafu suke yi ba, muryar wata ƙasida da suka saba rerawa a zaure suke ɗauka su zuba mata kalmomin Hausa. Ɗalibin da ya taɓa rera Ishiriniya da Burda, kunnensa zai gaya masa inda baiti ya karye tun kafin ya ɗauki biro ya fara yanka gaɓoɓi.

Ga kuma ramzi. Mawaƙan dā sukan rufe waƙa da wata kalma da za ka ga kamar ba ta da ma'ana, alhali shekarar da aka yi waƙar ce aka ɓoye a cikin haruffa bisa lissafin abajada. Malamanmu lissafin mutanen Magrib suke bi, inda shin take 1000, ra take 200. Kalmar da ta ƙunshi shin da ra da nun da dal ke nan tana nufin 1254 ta Hijira, wadda ta kama a 1838. A lissafin mutanen gabas kuwa shin 300 ce, wanda ya bi shi sai ya fito da 554, ya mayar da waƙar baya da shekara 700. Dattijon da ke zaune a kan buzu a unguwarku yana iya warware maka wannan kafin ka gama gyara zama.

Kada ka ce ai wannan zancen waƙa ne, su littattafan zube na boko ne. A 1933 aka sa gasar rubuta ƙagaggun labarai a ƙarƙashin Hukumar Fassara ta Zariya da Dokta Rupert East yake shugabanta, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Marubutan sun yi boko, gaskiya ne, amma Abubakar Imam da wansa Malam Bello Kagara 'ya'yan gidan malamai ne, a cikin littattafan Larabci suka buɗi ido. A cikin Muƙama ta Hariri, mutumin Basra da ya rasu a 1122, akwai labarai 50. Mai ba da labarin, Harisu ɗan Hammamu, duk garin da ya sauka sai ya tarar da wani mai zaƙin baki ya tara jama'a yana raba su da kuɗinsu, yau a rigar mai wa'azi, gobe a ta mabaraci, in ya duba da kyau sai ya ga ashe Abu Zaidi ne na Saruja. Yanzu tuna Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman na cikin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, yadda suke rabuwa a wannan gari su sake karo a wancan. Masana sun daɗe da nuna wannan dangantaka. Amma duba abin da Imam ya ƙara. Shi Harisu yawanci ɗan kallo ne, ya gane mutuminsa ya yi masa faɗa su rabu. Alhaji kuwa shi ma gwanin dabara ne, a yi masa ya rama, ya yi a rama, sai labarin ya koma irin wasan da Bahaushe ya sani tsakanin abokan wasa. Sannan ya ɗaura duka a kan tafiyar neman ruwan magani, wadda ta ba littafin mafari da maƙura.

Magana Jari Ce na Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, shi ma haka ne. Aku yana riƙe Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labari bayan labari har gari ya waye, don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri. Wanda ya san Dare Dubu da Ɗaya zai tuna Shaharzada da ke tsare ranta da labari kowane dare. Wanda ya san Kalila wa Dimna, da Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci daga Farisanci a ƙarni na 8, zai gane tsohuwar al'adar koya wa 'ya'yan sarakuna mulki ta bakin dabbobi da tsuntsaye. Za ka ji wasu matasa, da zarar sun gano cewa wani labarin Imam yana da asali a wani littafi, sai su ce ashe kwashe ya yi. Wannan maganar wanda ya tsaya a rabin hanya ce. Ajiye asalin a dama, ajiye na Imam a hagu, ka ga yadda ya sauya sunaye da sarautu da abinci da dalilan mutane, ya zuba karin magana, har labarin ya zama ba ka jin ƙamshin baƙunci a jikinsa. A nan ne za ka koyi yadda ake rubutu.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, karanta shi kana tune da Suratu Yusuf. Yaro ne aka raba da mahaifiyarsa, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetare Sahara da shi, ya tashi a gidan wani Balarabe da ya riƙe shi kamar ɗa, ya zama malamin da ake zuwa ɗaukar karatu a wurinsa. Ga uwa can tana yawon nemansa har ita ma ta rasa 'yancinta. Mai karatun da bai san ƙissar Annabi Yusufu da haƙurin Annabi Yaƙubu ba zai yi mamakin yadda Umar yake ba da labarin wannan bala'i cikin natsuwa, har ya ɗauka marubucin bai ji zafin bauta ba. Wanda ya san ƙissar zai gane natsuwar mutumin da ya sallama wa ƙaddara ce, kuma zafin yana nan a kwance a ƙarƙashinta, musamman a abin da ya sami uwar.

Ko mawaƙan siyasa na ƙarni na 20 ba su fita daga wannan gida ba. Malam Sa'adu Zungur na Bauci, wanda ya rasu a 1958, ya yi karatun boko har Kwalejin Yaba, amma malami ne ɗan malamai. Waƙar Bidi'a tasa, in ka haɗa ta da Ihya'us Sunna na Shehu, za ka ga ci gaban magana ɗaya ce. A Arewa Jumhuriya ko Mulukiya kuwa, da ma'aunin adalcin da Shehu da Abdullahi da Bello suka rubuta yake auna sarakunan zamaninsa. Wanda bai san wannan ma'auni ba zai kasa gane dalilin da ya sa maganarsa ta yi musu nauyi: da littafin kakanninsu ya kama su.

Yanzu bari in juya gare ka, kai ɗana almajirin zaure, da kake ganin karatun waƙa da labari ɓata lokaci ne. Malaman da kake girmamawa ba haka suka gani ba. Suyuɗi ya kawo a cikin Itƙan yadda Nafi'u ɗan Azraƙu ya riƙa tambayar Abdullahi ɗan Abbas ma'anar kalmomin Alƙur'ani, shi kuma yana kafa masa hujja da baitocin Larabawa. Ka'abu ɗan Zuhairu a gaban Ma'aiki ya rera ƙasidarsa, aka yafa masa mayafi. Hassanu ɗan Sabitu da waƙa ya kare Musulunci. Malaman tafsiri da nahawu su ne suka tsare waƙoƙin Jahiliyya daga ɓacewa, don sun san sai da su ake gane harshen da aka saukar da Littafi da shi. Kai da ka riga ka mallaki mabuɗin, me ya hana ka buɗe Imfiraji da waƙoƙin Nana da na Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu? Kai ne ka fi kowa cancantar ka yi musu sharhi.

Wannan ƙa'ida ba ta tsaya a kanmu kaɗai ba. In karatu ya kai ka ga adabin wasu al'ummu, su ma ka nemi littattafan da suka rene su. Paradise Lost na John Milton, wanda ya fito a Ingila a 1667, an gina shi ne a kan labarin Adamu da Hauwa'u kamar yadda Baibul ya kawo shi, wanda ya sha bamban da namu a wurare da dama. Shakespeare daga tarihin da Plutarch ya rubuta ya ɗauko Julius Caesar. Ngugi wa Thiong'o na Kenya ya samo sunan littafinsa A Grain of Wheat na 1967 daga Linjila, inda aka yi zancen ƙwayar da sai ta mutu a ƙasa take ba da amfani, kuma sadaukar da rai don 'yancin ƙasa shi ne jigon littafin. Sanin abin da wasu suka yi imani da shi don ka fahimci maganarsu daban ne da bin su. Amma ka fara kafa ƙafarka a naka tukuna, ka san aƙidarka a hannun malami, sannan ka leƙa na wasu da ladabi da adalci, kamar yadda kake so a yi wa naka.

Ina da gargaɗi uku. Na ɗaya, Alƙur'ani maganar Allah ce, kada son adabi ya sa ka jera shi a sahu ɗaya da maganar mutane, ko ka riƙa fassara aya da ra'ayinka don ta dace da nazarinka. Ma'anar aya a wurin malaman tafsiri ake ɗaukarta. Na biyu, kada ka wuce gona da iri ka ce komai na Bahaushe daga Larabawa ya zo. Gizo da Ƙoƙi namu ne, kirarin mafarauta da na 'yan dambe namu ne, kiɗan taushi da kotso da kalangu namu ne, kuma su ma tushe ne da sai ka san shi za ka gane Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata, har da su Imam ɗin kansu. Na uku, kada ka ga kama ka ce lalle ɗauka aka yi. Sai ka tabbatar marubucin ya san littafin, ko littafin yana yawo a zamaninsa da garinsa, sannan ka yi magana.

Abin da nake so ka yi ba mai wuya ba ne. Ka koyi karatun ajami, domin da shi aka rubuta mafi yawan tsofaffin waƙoƙinmu, kuma da yawa har yau suna cikin gafakar malamai da ɗakunan ajiye rubuce-rubuce na Sakkwato da Kano da Kaduna da Zariya da Yamai ba a mayar da su boko ba. Ka zauna wa tafsiri da azumi daga farko har ƙarshe, ka kasa kunne sosai a surorin ƙissoshi, irin su Yusufu da Kahfi da Maryam da Ɗaha da Ƙasasi. Ka karanta littafin Sira guda ɗaya cikakke. Ka sami malami a unguwarku ka durƙusa ka ɗauki Burda, in ka gama ka shiga Ishiriniya, ko baiti biyu ne a rana. In Allah Ya ba ka iko ka kai ga Muƙama. Ka zauna da tsofaffin gidanku ka ji tatsuniya da kirari daga bakinsu tun suna raye. Duk sunan da ka ci karo da shi a waƙa ba ka san labarinsa ba, kada ka tsallake, rubuta shi ka je ka tambaya, ai matambayi ba ya ɓata. In kuma ka je gaban malamin zaure, ka cire takalminka ka ajiye digirinka tare da shi a bakin ƙofa, domin ilmi ba ya shiga zuciyar mai girman kai.

In ka yi haka, amfanin ba a karatu kaɗai zai tsaya ba. Ranar da ka tashi rubuta naka, za ka sami abin da za ka ɗebo, maganarka ta yi nauyi, kuma ta isa ga dattijo da yaro baki ɗaya. Allah Ya buɗa maka ƙirji, Ya ba ka ilmi mai amfani da ladabin ɗaukarsa, Ya jiƙan malamanmu da marubutanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya sa ka zama mai ɗorawa a kan abin da suka bari. Amin.